Jajaye Dama, Farare Hagu

Ranar Talata

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya ƙafar? Yaya kunnen kuma, ko har yanzu sai an tsaya a kanki an yi magana kamar ana kiran mutum daga tsallaken titi? Na san za ki ce me ya hana ni buga waya kamar sauran mutane. Na gwada sau biyu, kina ta cewa in ɗaga murya, ni kuwa maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Shi ya sa na koma wa biro.

Direba ya rasu, Yaya. Jikana, ɗan 'yata Babba, wanda ta yi shekara shida tana jira kafin ta same shi. Yau kwana goma sha ɗaya. Shekararsa biyar da wata huɗu. Rabonki da shi yana rarrafe, don haka ba ki ga yadda ya sami sunan ba: murfin tukunya yake ɗauka ya hau kujerata yana juya shi, ya ce kowa ya shiga mota, wanda bai shiga ba a bar shi. Ni ne kullum fasinjan da ake saukewa a hanya, wai na cika surutu.

Maƙogwaronsa ne ya dame shi tun bara. Wasu tsokoki biyu ne a ciki suke yawan kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, in ya kwanta ya yi ta minshari kamar tsoho. Likita ya ce a cire su, aiki ne da ake yi wa yara kullum. Aka yi ranar Litinin, Talata aka sallame su. Laraba har ya tuƙa ni zuwa bakin ƙofa. Alhamis da rana ya ce cikinsa na juyawa, uwar ta tara masa roba, abin da ya fito jini ne zalla. Ashe tun safe yake zuba a ciki, yaron yana haɗiyewa. Suka koma asibiti a guje, aka sake ɗinki, aka ƙara masa jini leda biyu, ana ƙarawa yana fita. Kafin la'asar ɗin Juma'a ya cika.

Na san kin riga kin gane. Ina ganin ki yanzu, kin ajiye takardar a cinya kina kallon bango. Jininmu ne, Yaya, wanda ba ya daskarewa. Shi ne ya tafi da ƙaninmu yana shekara tara a kan cirar haƙori ɗaya, shi ne ya tafi da ɗanki ranar da ya faɗo daga katanga, shi ne yake zaune a gwiwata ta hagu har gobe. Likitoci suna ce masa himofiliya. Mu a gida ba mu taɓa sa masa suna ba, "abin nan" Inna take cewa.

'Ya'yana ba su san da shi ba. Daga Babba har Auta ban taɓa faɗa musu ba. Gwiwar nan na ce musu haɗarin babur ne tun ina saurayi. Haƙorin da ya ruɓe mini shekara goma sha ɗaya na ƙi yarda a cire, suna ta yi mini dariya wai Babansu matsoraci ne, ni ma ina taya su. Mamansu ce kaɗai ta sani, ita kuwa ta tafi da maganar a bakinta saboda na roƙe ta.

Abin da ke hana ni cin abinci yanzu shi ne Babba. Safiyar Alhamis ɗin nan yaron ya yi ta kukan ya gaji da abu mai ruwa-ruwa, ta tausaya masa ta ba shi rabin biskit. Ta ƙudurta a ranta cewa biskit ɗin ne ya karce ɗinkin. Duk wanda ya shigo yi mata ta'aziyya sai ta gaya masa: "Ni na kashe shi da hannuna, an ce kada a ba shi abu mai tauri." Mata su yi ta ba ta haƙuri. Ina zaune a falon, taku uku tsakanina da ita, na sunkuyar da kai.

Ga kuma Auta da ciki wata bakwai. Sun yi hoton ciki, namiji ne. Mijinta, malamin makarantar nan mai yawan murmushi, har ya sayo ƙwallo. Da ta gaya mini na ce Allah ya sauke ta lafiya, na shafa kanta.

Na koma aiki jiya, don ƙudajen da nake kiwata wa ɗalibai ba su san makoki ba. Kwana tara na bar su, kwalabe sha huɗu sun yi fumfuna, abincinsu ya bushe ya tsage. Na dama sabo, garin masara da sukari da yis, na zuba, na toshe bakunan da auduga. Hannuna ya yi aikin shi kaɗai, ni ba na wajen.

Kada ki taso da ƙafar nan, babu abin da za ki tarar sai mutane masu kumburarrun idanu. Ki dai rubuto mini, ko zagi ne. Ki gaishe da mutanen gidan da kike.

Ƙaninki,
Mai Ƙudaje


Ranar Lahadi

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki. Wasiƙarki ta iso, na karanta a tsaye a bakin ofis. Layi huɗu kacal, ke da kike cika shafi uku a kan tsadar sabulu. Kin yi ta'aziyya a layi biyu, sannan kika tambaya: kafin a yi wa yaron aiki, an tambayi ko akwai mai matsalar jini a gidan? Tun muna yara kin san inda ake taɓa ni in yi kuka.

An tambaya. Ranar Lahadi kafin aikin, Babba ta kira ni daga asibiti tana cike takarda. Ina ɗakin ƙudaje, don ko Lahadi sai na shiga na ware matan da suka ƙyanƙyashe kafin maza su kai gare su. Ɗan buroshina na hannu. Ta ce, "Baba, wai suna tambaya ko a danginmu akwai wanda jini ke wahalar tsaya masa." Ina jin muryar mijinta kusa da ita, mai gyaran firjin nan, yana ce wa yaron ya sauko daga kan benci. Na ce babu, sai dai hawan jinin mamanku. Ta ce to, ta kashe. Ban ko ajiye buroshin ba.

Ba wanke kaina zan yi ba, amma ina so ki san yadda mutum mai hankalinsa yake kaiwa ga faɗin wannan "babu". Kin sha tsokana ta cewa gwamnati na biyan ƙaninki albashi don ya kiwata abin da kowa ke kora daga kan ayaba. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina kiwon su saboda ɗalibai su koyi yadda gado ke tafiya. Ƙananan ƙudajen nan idonsu ja ne, amma akwai masu farin ido. Idan na haɗa namiji mai farin ido da mace mai jan ido tsantsa, bayan kwana goma sha biyu 'ya'yan duk jajaye suke fitowa, ka rantse farin ya ɓace. Bai ɓace ba, yana kwance a jikin 'ya'ya matan, dukansu. Idan su ma suka haihu, matansu jajaye, mazansu kuwa rabi ja rabi fari. Daga kaka ya tsallake 'ya ya faɗa kan jika.

Dalilin ba shi da wuya. Abin yana kan wata ƙwayar gado da ake kira X. Mace biyu gare ta, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, in ɗaya ta lalace ɗayar ta rufa mata asiri. Namiji ɗaya gare shi, daga uwarsa, ba shi da mai rufa masa. Uba kuma ba ya ba ɗansa namiji tasa, amma dole ya ba 'yarsa, don ita kaɗai gare shi. Jininmu ma hanyar da yake bi ke nan. Da maza na haifa da sun fita tas. Kin tuna yadda na yi ta addu'ar samun namiji har kuka ce na cika son maza, mamansu ta yi fushi da ni wata guda? Ba son maza ba ne. Ranar da aka miƙo mini Babba a tawul na san abin da na ba ta.

Me ya hana ni faɗa? Ke ce, Yaya, ki yi haƙuri. Ina shekara goma sha tara na je na ɗauko akwatinki daga gidan mijinki, kwana ashirin bayan an binne ɗanki. Uwarsa na tsaye a tsakar gida tana cewa an yaudare su, an kawo musu mace daga gidan masu ruɓaɓɓen jini. Shi kuwa yana ɗaki, ko leƙowa bai yi ba. Daga ranar babu wanda ya sake sallama a ƙofarmu saboda ke, kuma kin fi duk matan layinmu kyau, ko da yake ba na son in faɗa miki. Da akwatin nan a kaina na yi rantsuwa cewa in na haifi mace ba mai jin wannan magana daga bakina.

Da aka haifi Direba sai na ce ai rabi ne. Ko yana da shi ko ba shi da shi, kuma idan akwai mutum ɗaya a garin nan da ya iya rarrabewa, ni ne. Aikina ke nan kowace safiya: in shaƙa wa ƙudaje maganin barci, in zube su a kan farin tayil ƙarƙashin madubin ƙara girma, in riƙa turawa da buroshi, jajaye dama, farare hagu. Ɗari biyu a minti goma, ban taɓa kuskure ba, malamai da rantsuwa suke karɓar lissafina. Sai na sa wa jikana ido irin yadda nake sa musu. Na buɗe masa littafi irin na ɗakin aiki, na ɓoye a aljihun tebur. Ya faɗo daga kujera, ƙulu a goshi, ya sace bayan kwana biyu. Ya yanke da gwangwani, jini ya tsaya a minti huɗu. An yi masa allurar rigakafi, bai kumbura ba. Duk zuwan da nake yi gidansu ina wasa da shi, gwiwoyinsa nake latsawa. Ranar da ya cika shekara huɗu na ja layi a ƙasan shafin na rubuta "ja". Na tura shi dama, na yi barci mai daɗi.

Mutum ba ƙuda ba ne, ba a ganin abin a ido. Kuma na fi kowa sani, don namu mai sauƙi ne, irin mai lallaɓowa. Ni ma ina yankewa wurin aske gemu ya tsaya. Babban rauni ne yake yin kamar ya warke, sai bayan kwana biyu ko uku ya ɓalle, yadda ya yi wa ƙaninmu. Gwajin asibiti na safiya ɗaya ne. Amma kafin in ce a gwada shi sai na faɗi dalili, littafin kuwa bai taɓa tambayata dalili ba.

Kin ce in tara su in faɗa musu kafin Auta ta haihu, in ba haka ba ke za ki rubuta musu. Kada ki rubuta. Ki bar ni in yi da bakina, ko wannan kaɗai in iya.

Ki riƙa shan maganinki a kan lokaci.

Naki,
Mai Ƙudaje


Ranar Alhamis

Yayata,

Ina fatan kina lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Mu nan muna nan dai.

Ban faɗa ba tukuna. Ki zage ni, na cancanta. Sau uku ina zuwa gidan Babba da maganar a bakina. Na farko na tarar da baƙi, na ji daɗin ganin su. Na biyu ta buɗe mini ƙofa da rigar da na bar ta da ita kwana huɗu baya. Ta zube, Yaya, wuyanta duk ƙashi. Ta kwashe duk wani biskit da ke gidan ta zubar, ta daina bin layin da kantin yake. Ta kawo mini shayi ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta ɗora kanta a gwiwar nan tawa mai ciwo, ta ce, "Baba, kai kaɗai ne ba ka taɓa kallona da abin ba." Na shafa kanta, na shanye shayin, na taso.

Zuwa na uku mijinta ne ya rako ni bakin titi. Mutum ne marar yawan magana, hannunsa kullum da baƙin mai. Ya ce ta ce ya sake ta ya auri wadda ta iya riƙon yaro, shi kuma ya rasa yadda zai yi da ita. Ya ce in taya shi yi mata magana, ni take jin maganata. Na ce masa to.

Shekaranjiya aka yi darasin ƙudaje na zangon nan. Na jera wa ɗalibai kwalabe, suka ƙirga, suka samu abin da ake samu kullum. Sabuwar malamar da aka kawo mana, Dakta, tana son misali da mutane. Ta zana iyali a allo, ta ce ga mutum mai himofiliya ya auri mace lafiyayya, sun haifi mata biyu, nawa ne a cikinsu ke ɗauke da abin? Ina can baya ina wanke kwalabe. Yara sittin suka haɗa baki suka ce dukansu. Ta ce to me ya kamata mutumin ya yi? Wata daga gaba ta ce ai sai ya gaya musu, aka wuce tambaya ta gaba. Na bar famfo na zuba na fita baranda, sai da Dakta ta leƙo ta ce ko jikin ne.

Jiya kuma Auta ta biyo ta wurin aikina daga awo, tana haki, tana toshe hanci wai ɗakina warin ruɓaɓɓiyar ayaba yake. Saura mako uku. Ta ce an ce yaron ƙato ne, in ya yi gardama wataƙila sai an jawo kansa da na'ura. Dariya take yi tana cewa kan ubansa ya ɗauko. Yaya, na san abin da jan nan zai yi wa kan jariri mai irin jininmu. A ciki zai zuba, inda ba mai gani.

Shi kuma ba zan iya zuba masa ido in rarrabe ba, yana cikin uwarsa. Na ce su haɗu duka huɗun a gidan Babba ranar Asabar da safe, ina da magana. Auta ta ce ko aure zan ƙara. Na gaya miki ranar ne don in rasa hanyar gudu.

Ki yi mini addu'a, in kina iyawa.

Ƙaninki


Ranar Laraba

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwar shirun mako uku. Wasiƙunki biyu sun zo. Jikina lafiya, kada ki damu da wannan.

Na faɗa musu. Za ki yi dariya ko ki yi tsaki in kin ji yadda na je: da kwalabe biyu a jaka, ta jajaye da ta farare. A tunanina da su zan fara, in bi da su a hankali yadda ake yi wa ɗalibai, har su gane da kansu. Na ajiye su a kan teburin falo tsakanin kofuna. Na dubi fuskar Babba sai na ga rashin kunyar abin. Na ce musu kawai ina da ciwon da jini ba ya daskarewa, su biyun duk suna ɗauke da shi daga gare ni, duk namijin da suka haifa ko dai yana da shi ko babu, kuma shi ne ya kashe Direba, ba biskit ba. Na gaya musu labarin ƙaninmu da na ɗanki. Na gaya musu akwatin.

Mijin Auta ne ya fara motsi. Ya ɗauki jakarta ya kama hannunta, ya ce su tafi asibiti yanzu a gaya wa likita. Auta tana kuka tana waiwayena har suka fita.

Babba ba ta yi kuka ba. Na shirya wa ihu, na shirya wa zagi. Tambaya ɗaya ta yi, a hankali: "Ranar da na kira ka ina cike takarda, ka sani?" Na ce na sani. Ta gyaɗa kai. Can ta ce, "Kwana arba'in da uku ina kwana ina tashi da rabin biskit ɗin nan, kana zuwa kana shan shayina." Ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ba da ƙarfi ba.

Mijinta ya ɗauki kwalaben ya miƙo mini, ya ce in zo ya kai ni gida. Tafiyar minti ashirin ce. Da muka tsaya ya kashe mota ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya ce bayan rasuwar ya koma wurin likitan ya tambaye shi, likitan ya ce ya yi zargin irin wannan ciwo, amma takarda ta ce babu a dangi. Ya ce da an sani, allura ce ake yi kafin aikin da bayansa, ko ma a fasa aikin. Sannan ya juyo ya dube ni ya ce, "Baba, don kada in sake ta ka yi shiru? Me ka gani a jikina da ya sa ka ɗauka ni irin wannan mutumin ne?" Ban taɓa ganin komai a jikinsa ba, ban ma taɓa dubawa ba.

Bai sake ta ba, Yaya. Shi yake dafa mata abinci yanzu, ya rage fita aiki. Mijin Auta ma haka. Uwarsa da na ɗauka za ta tayar da ƙura, ita ce ta je ta zauna da likita da takarda da biro tana rubuta abin da za a kiyaye. Shekara talatin da wani abu ina tsare 'ya'yana daga wannan rana, ta zo ta wuce ba wanda ya ɗauki akwatin kowa. Na rasa inda zan sa kaina. Da an kore su ma da na sami abin da zan ce wa zuciyata.

Auta ta haihu ranar Litinin da hantsi. Saboda an sani, ba a jira naƙuda ta yi tsanani ba, aiki aka yi mata, ba a taɓa kan yaron da komai ba. An ɗebi jini daga cibiyarsa aka gwada. Yana da shi. An rubuta a katinsa da manyan baƙaƙe, an ce da kulawa zai yi makaranta, zai yi aure, zai tsufa ya dami mutane kamar kakansa. Ƙato ne kuwa da gaske, kilo huɗu.

Auta ce ta aiko in zo, na je jiya. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin da ledar lemo a hannu. Babba na ciki, zaune a gefen gado da jaririn a ƙirjinta, tana kallon fuskarsa. Rabona da ita tun Asabar ɗin nan. Ta ɗago ta gan ni, ta mayar da idonta kan yaron. Wata nas da ke gyara ruwan da aka ɗaura wa Auta ta ce lokacin ziyara bai yi ba, wane ne wannan. Auta ta buɗe baki, amma Babba ta riga ta. Ta ce, "Mai jinin ne. Likita ya ce in ya zo a ɗebi nasa, a san irinsa saboda yaron."

Nas ɗin ta kai ni wani ɗaki a ƙarshen baranda, ta ɗaure mini hannu ta cika 'yan kwalabe uku. Ta tambayi dangantakata da mai jegon don ta rubuta, na ce mahaifinta ne. Ta ɗora mini auduga ta ce in danne sosai, irinmu sai an daɗe. Na zauna a benci na danne, ledar lemon na gefena. Daga inda nake ina hango ƙofar ɗakinsu, ana shiga ana fita. Na jira har lokacin ziyara ya yi, ya kuma ƙare, ba a aiko kirana ba. Na ba mai shara lemon ta shigar musu, na taho.

Kada ki rubuta wa Babba don ki roƙar mini, na haɗa ki da Allah. Tana cin abinci yanzu, mijinta ya gaya mini. In ƙin jinina ne ya buɗe mata baki, a bar mata shi.

Ina gaishe ki, ina gaishe da masu kula da ke. Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Mai Ƙudaje